Jikin yaro ya yi zafi: tambayoyin da iyaye suka fi yi, da amsoshinsu

Da zarar damina ta kankama, daga Yuli zuwa Oktoba, bencin asibiti ba ya isar mata masu goyo. Tambayoyin da ke nan su ne ake ta maimaitawa a kan wannan bencin, da bakin kemis, da kuma ta waya cikin dare. An fi ba da ƙarfi ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin su ne zazzaɓi ya fi saurin kayarwa.

Yaya zan gane zazzaɓi ne na gaske, ba zafin gari ba?

Bayan hannu yana ruɗi, musamman a watan Afrilu da kowa jikinsa ke turiri. Ma'aunin zafin jiki na batir ba shi da tsada, kuma ya kamata ya zauna a kowane gida mai yara kamar yadda tocila take zaune. Ki sa shi a hammata, ki danne hannun yaron har ya yi ƙara. Idan ya nuna 37.5 ko sama da haka, akwai zazzaɓi.

Amma kada lambar ta ɗauke miki hankali daga yaron kansa. Wani jikinsa zai kai 39, ga shi yana karɓar nono, yana rigimar a ba shi waya. Wani 38 kawai, amma ya yi laƙwas, ko kuka ya kasa yi. Na biyun ya fi ba ma'aikacin lafiya tsoro.

Wace alama ce in na gani ba zan jira gari ya waye ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukkan sauran nauyi. Akwai alamu huɗu da ake koya wa duk mai duba yara, kuma ɗaya daga cikinsu ta isa a ɗauki yaro a tafi, ko da ƙarfe biyun dare ne: ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi taune-taune, wato jijjiga, ko kuma barci ya yi masa nauyin da in an tashe shi ba ya farkawa sosai, ba ya gane mutane.

Bayan waɗannan, ki buɗe rigarsa ki kalli ƙirji. Ki riƙe waya ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur, lokacin da ba kuka yake ba. Jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan kuma ƙasan awazunsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, to ba murar da za a shafa wa man zafi ba ce, ciwon huhu ne mai yiwuwa, kuma yana kisa cikin kwanaki kaɗan.

Sai tafin hannu. Ki haɗa nasa da naki ki duba. In nasa ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, abin da maleriya ta ƙware a kai. Haka nan idon da ya koma ruwan ɗorawa, fitsarin da ya yi duhu kamar baƙin shayi, wuyan da ya ƙage, da maɗigar da ta kumbura ko ta faɗa. Da yawa daga yaran da ake rasawa ba rashin magani ne ya kashe su ba. An ga alamar da magariba, aka ce bari a ga safiya.

Jariri sabon haihuwa fa? An ce ba a fita da shi kafin suna.

Duk jaririn da bai kai wata uku ba, in jikinsa ya yi zafi, asibiti kai tsaye, ba kemis, ba farasitamol a jira. Jikinsa bai iya tare ƙwayar cuta ba tukuna, tana iya shiga jini cikin sa'o'i. Shi jariri ma wani lokaci sanyi jikinsa yake yi maimakon zafi, ko ya daina tsotso, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari. A lulluɓe shi a fita da shi, ragon suna zai jira.

Yaro mai sikila da yaro mai tamowa su ma wannan dokar ce a kansu, komai shekarunsu.

Ai kowa ya san zazzaɓin damina maleriya ne. Me ya sa sai an yi gwaji?

Gaskiya ne maleriya ta yi mana katutu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, Najeriya kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da ta fi kashe wa yara. Duk da haka, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon huhu, ciwon mafitsara da ƙyanda duk da zazzaɓi suke farawa. In aka ɗura wa yaro maganin maleriya alhali huhunsa ne ke ciwo, an ba ciwon kwana uku yana cin karensa babu babbaka.

Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamako kuma yana fita cikin minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya, sai a nemi wani dalilin. Abu guda da ya kamata ki sani: gwajin yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan yaro ya warke. Saboda haka in ya sha maganin maleriya kwanan nan, ki faɗa, don a duba jinin ta madubin likita.

Gwaji ya nuna maleriya. Yaya ake shan maganin?

Tun wajen 2005 Najeriya ta bar kulorokwin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Abin da ake bayarwa yanzu shi ne haɗin da ake kira ACT, wanda aka fi sani da Coartem da 'yan uwansa. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma na kwana biyu. Yawan ƙwayar da nauyin yaro ake aunawa. A ƙwayar da aka saba, yaro mai kilo 5 zuwa 14 ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa 24 kuma biyu. A ba shi da nono, madara ko abinci mai ɗan maiƙo, jiki ya fi karɓar sa haka. In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi.

Inda ake samun matsala shi ne rana ta biyu. Yaro ya tashi yana wasa, sai uwa ta ajiye sauran ƙwayoyin don ƙanensa. Ragowar cutar tana nan cikin jini, bayan mako biyu ta dawo, a ce maganin jabu ne. A shanye shidan.

Ni dai na fi yarda da allura da ƙarin ruwa. Ba su fi ƙwaya ƙarfi ba?

Ga yaron da ke iya haɗiya, ƙwaya tana aikin da allura za ta yi, ba tare da haɗarin ƙurji ko taɓa jijiyar ƙafa ba. Allurar atesunet ta maleriya mai tsanani ce, wadda ake ba yaro gado saboda ita, kuma ko an yi ta sai an biyo da ƙwayar kwana uku. Ƙarin ruwa kuwa ruwa ne da gishiri ko sukari, ba ya kashe cuta. A ɗaura wa ƙaramin yaro shi a ɗakin bayan kemis, ba awo ba lissafi, ruwan yana iya taruwa a huhunsa.

Farasitamol nawa zan ba shi?

Miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 10 zai sha 5ml na ruwan da aka rubuta wa 120mg/5ml. Ki auna da murfin awon da ya zo da kwalbar, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki duba maganin mura da kike ba shi, da yawa akwai farasitamol a ciki, in aka haɗa biyu hanta ce ke ɗaukar nauyin. Asfirin ba na yara ba ne.

Farasitamol sauke zafi yake yi, ba ya taɓa abin da ya kawo zafin. Ki rage masa kaya, ki goge shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba na randa ko na firji ba, ki yawaita ba shi nono da abin sha. Lulluɓe yaro da bargo don ya yi gumi ƙara masa wuta ne.

Ya fara taune-taune a hannuna. Me zan yi a wannan lokacin?

Ki kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa, ki kawar da abin da zai buge, ki sassauta masa riga, ki duba agogo. Shi ke nan aikinki. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa, manja, rubutu ko jiƙo, domin a wannan halin huhu abin zai tafi. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a matsa masa albasa a ido, kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Ma'aikatan ɗakin yara sun sha jinyar ƙunar ƙafa makonni bayan ciwon da ya kawo taune-taunen ya warke.

Yawancinsa yana tsayawa da kansa kafin minti biyar. Akwai wanda zafin jiki kawai ke kawowa ga yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar, kuma ba ya nufin yaro ya kamu da farfaɗiya. Sai dai a ƙasarmu ba a yanke wannan hukuncin a gida, saboda maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau haka suke farawa. Ya tsaya ko bai tsaya ba, a tafi. In ya wuce minti biyar, a tafi da shi yana yi, a kwance a gefensa.

Kakarsa ta ce haƙori ne, shi ya sa yake zafi da gudawa.

Kaka ta ga yara da yawa, kuma lokacin da ta lura da shi daidai ne. Wata shida zuwa shekara biyu shi ne lokacin haƙori, shi ne kuma lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samo daga jikin uwa tana raguwa. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Zazzaɓi mai ƙarfi da zawo sau biyar a yini wani abu ne daban da ya faɗo a lokaci ɗaya. Maganin haƙori na kwalba kuma ba abin wasa ba ne: a 2008 wani mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya.

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinc, 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. In babu ORS a kusa, lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a daina nono, kada a hana abinci. Idon da ya faɗa, fatar ciki da in an ja ta ba ta komawa da sauri, rashin fitsari tun safe, ko jini a kashi, duk na asibiti ne. Shi kuwa kafso ja da rawaya da ake fasawa a zuba wa yara a koko, ba ya tsayar da irin wannan zawo, yana dai ɓata haƙoran da ake ta magana a kansu.

Duk lokacin da muka je gwaji sai a ce maleriya da taifod. Haka abin yake?

Taifod gaskiya ce, ta ruwa da abinci marar tsabta take zuwa, kuma tana iya huda hanji. Amma gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a da, har ma ga mai maleriya zalla. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda ke ɗaukar kwanaki. Kafin ki sayi maganin taifod na dubban nairori, ki bar likita ya haɗa takardar da abin da ya gani a jikin yaron.

To tofi da rubutu da maganin gargajiya fa?

Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a mota ma ana yin ta, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Inda ake jin tsoro shi ne jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba a cikin ƙaramin ciki, da kwana biyun da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki. Zuma ba a ba wanda bai shekara ba. Cire belu da tsaga a jikin yaro mai zazzaɓi kuwa zubar da jinin da dama ya yi ƙaranci ne, ga haɗarin tetanus daga aska. In an riga an ba shi wani abu, a faɗa wa likita gaskiya. Zai iya ɗaure fuska, amma sanin yana canza maganin da zai rubuta.

Da rani babu sauro sosai. Zazzaɓin lokacin da sauƙi ke nan?

Rani da nasa. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma lokacinsa daga hunturu ne zuwa saukar ruwan farko. Manya ba su manta 1996 ba, shekarar da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, haka kuma ya sake ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ƙagewar wuya, ƙin haske, ko kumburin maɗiga ga jariri, wannan sa'o'i ake ƙirgawa.

Ƙyanda ma lokacinta ke nan: zazzaɓi, tari, jan ido, sannan ƙuraje su faso daga bayan kunne su gangaro. Al'adar ɓoye mai ƙyanda a ɗaki a hana shi wanka da abinci mai kyau ita ke kai wa ga makanta da ciwon huhu. A kai shi a ba shi bitamin A. Sai mashaƙo, da ya addabi Kano a 2023: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wani farin yaɗi a can cikin maƙoshi. Dukkan ukun akwai rigakafinsu, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati.

Kemis zan fara zuwa, ko ƙaramin asibiti, ko babba?

In babu ko ɗaya daga alamun haɗari, ƙaramin asibitin unguwa ya wadatar, wanda a Nijar ake kira CSI. Akwai gwaji, akwai ma'auni, kuma layinsa bai kai na babban asibiti ba. Ki je cikin awa 24 da fara zazzaɓin. A Nijar tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati.

In akwai alamar haɗari, ki nufi inda ake ba da gado da ƙarin jini da iskar oksijin, wato babban asibitin ƙaramar hukuma, ko irin su Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala a Kano. Kada ki bi layi. Ki je wurin ma'aikaciyar jinya ki ce mata yaron ya yi taune-taune, ko ba ya shan nono, za a shigar da ke. In garinku da nisa, ki biya ta ƙaramin asibiti a yi masa taimakon farko, akwai maganin maleriya na matsi da ake sa wa yara ta dubura don ya riƙe su a hanya, sannan a ba ki takardar turawa.

Kemis wurin sayen magani ne. Mai kemis na kirki zai ce miki wannan ya fi ƙarfina. Wanda zai ƙulla miki haɗi kala biyar a leda ba suna, ki bar masa kayansa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Maigida ba ya gari, kuma ban saba fita ba da izininsa ba.

Wannan amsar ta iyaye maza ce. Malam, ka ba da izinin tun yau, a gaban mahaifiyarka in tare kuke zaune, cewa duk ranar da yaro ya nuna ɗaya daga alamun nan a fita da shi ba sai an same ka a waya ba. Ka ajiye wani abu a gida da ba a taɓawa sai don wannan, ko kuɗin mota da na kati ne. Ka sa lambar mai adaidaita sahu ko mai babur ɗaya na unguwa a wayarta, wanda ka yi magana da shi zai fito ko da tsakar dare.

Maganin da ake rabawa gida-gida da damina, na mene ne? Yarona lafiyarsa ƙalau.

Don mai lafiyar aka yi shi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga maleriya sau ɗaya a wata a tsawon damina. Na ranar farko a gaban masu rabawa ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunki yake, kuma nan ne ake sakaci. Yana da ɗaci, wani yaron ya yi amai, amma kariyarsa ta kusan wata guda ce. Ba ya maye gurbin gidan sauro. Allurar rigakafin maleriya ma ta iso: Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yara a Janairun 2024, Najeriya ta fara da Kebbi da Bayelsa a Disambar shekarar. Ki tambaya a wurin awon yara ko ta zo jiharku.

Me zan riƙe in za mu tafi, kuma yaushe zan koma?

Katin rigakafi, da kwalaye ko ledojin duk abin da ya sha, har na gargajiya. Ki riƙe ranar da zafin ya fara, sau nawa ya yi amai ko zawo, da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe. Kafin ki tashi daga gaban likita ki tambayi sunan ciwon, ki maimaita masa yadda za a sha maganin don ya gyara miki in kin yi kuskure.

In an sallame ku, zazzaɓin bai sauka ba bayan kwana uku da fara magani, ki koma. In wata alamar haɗari ta fito, ki koma a ranar. Zazzaɓin da ya kai kwana bakwai yana zuwa kullum kuwa ya wuce ƙaramin asibiti, ki nemi takardar turawa zuwa babba a yi bincike.